Yadda zaka karanta fuska a zanen fentin ruwa, ka gane wa aka zana a ɗan gida wa aka zana a bare

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, toh amma idan fuskar a takarda take, wani ne ya zauna da burushi ya fitar da ita, zuciyar wa zaka tambaya kenan? Ta wanda aka zana ko ta mai zanen? Ni dai a ƴan shekarun da nayi ina fama da fentin ruwa ina kuma bin aikin waɗanda suka riga mu, abun da na lura shine zuciya biyu ce a kowace fuska, kuma sau da yawa ta mai zanen ce tafi fitowa fili ko bai so ba. Bari in nuna maka yadda nake bi in karanta su, kuma baka buƙatar biza, yawancin zanukan da zan ambata gidajen tarihin da ke riƙe da su sun ɗora su a intanet, wayarka ta isa indai kana da data kuma zaka iya jawo hoton kusa da yatsa biyu.

Ka fara da sanin kayan aikin tukunna, don anan sirrin yake. Fentin ruwa ba komai bane illa garin kala da ƙaro, eh ƙaron nan dai na jikin ɗakwara da ake sawa a tawadar allo don ta kama, wanda Sudan ke kan gaba wajen fitar da shi sai Chadi da Najeriya. Ruwa ya bushe, ƙaro ya riƙe kalar a jikin takarda, shikenan. Kalar kuma shara-shara take kamar shayi ba madara a kofin gilas, kana hango abun da ke ƙasanta. Mai aiki da fentin mai in yayi kuskure sai ya lafta wani a kai ya rufe, babu wanda zai sani. Mai fentin ruwa bashi da wannan gatan sosai, inda ya tsaya ya daɗe zaka gani, inda yayi sauri ya wuce zaka gani, har layin fensirin da ya fara ja wani lokacin yana nan a ƙasa yana leƙenka. Sannan farin da kake gani galibi takardar ce kanta aka bari ba a taɓa ba, koda yake wasu suna ƙarawa da farin fenti mai kauri. Ma'ana tun kafin ya jiƙa burushi sai mai zane ya yanke shawarar inda haske zai sauka a fuskar mutum. Wannan shawara ce ba tsautsayi ba.

Don haka aikin farko, kar ka karanta rubutun da ke ƙasan zanen. Rufe shi da hannu. Ka kalli zanen minti ɗaya cur, kuma zakaji minti ɗaya yana da tsawo in kana kallon abu guda, ka tambayi kanka: ina mutumin nan ya kashe lokacinsa? A ido da baki da ƙashin kumatu, ko a rawani da tsakiya da takobi da ɗinkin riga? Dabarar da nake yi ita ce in sa babban yatsa in rufe fuskar. In na rufe naga zanen bai rasa komai ba, kayan jikin suna nan suna ta sheƙi, toh kaya aka zana, mutumin marataya ce kawai aka rataya masa su. Sai kuma in juya in rufe kayan in bar fuskar ita kaɗai, in tambayi kaina ko zan gane mutumin nan in na haɗu da shi a kasuwa gobe ya canza riga. In amsar eh ce, an zana wani takamaiman mutum. In a'a ce, an zana “irin mutanen can” ne.

Gwada wannan a kan zanen John Singer Sargent, mai zane Ba'amurke, da ake kira Bedouins, wato Badawiyyai, wanda yayi a tafiyarsa ta Siriya da Falasɗinu tsakanin 1905 da 1906, yanzu yana gidan tarihi na Brooklyn a Amurka, suna cikin zanukansa 83 da gidan ya saya a 1909. Maza biyu ne, kai a naɗe, shuɗi ya mamaye takardar, suna kallonka kai tsaye ba ko ƙiftawa. Jawo hoton kusa ka ga fuskokin yadda aka bi su a hankali, sannan ka gangaro ƙasa ka ga yadda rigunan suka narke suka koma zubin ruwa kawai, burushi biyu uku ya wuce abinsa. A gwajin yatsa Sargent ya ci, wallahi fuska ya zana, zaka gane su a kasuwa. Amma fa yanzu ɗaga hannunka ka karanta sunan. Badawiyyai. Shikenan. Mutumin da a Landan da Boston in ya zana matar attajiri sunanta da na mijinta ake rubutawa, anan sunan jinsi kawai ya isa. Kaga ido ya gansu a mutane, alƙalami kuma ya mayar da su bare, duka biyun a takarda ɗaya, kuma ni bana son mai karatun da zai ɗauki ɗaya ya jefar da ɗayan don labarinsa yayi daɗi.

Wannan shine aiki na biyu, karanta suna da duk wani rubutu da ke jikin takardar, gaba da baya in an nuna. Akwai tsohon misali da nake komawa gare shi kullum. A 1585 wani Bature ɗan Ingila John White ya bi ayarin da aka tura tsibirin Roanoke, a gaɓar da yau take jihar North Carolina, ya zana mutanen ƙasar na asali masu yaren Algonquian da fentin ruwa, zanukan suna gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A ciki akwai wata mata daga garin Pomeiooc, tana riƙe da babban gora a hannu ɗaya, ɗayan hannun ta saƙale shi a cikin sarƙar duwatsun adon da ke wuyanta, ga zane a damtsenta, kusa da ita ƴarta. White ya rubuta cewa matar wani shugaba ce, ya rubuta cewa yarinyar shekara 8 ko 10, amma sunansu babu. Yanzu kalli hannun yarinyar. Ƴar tsana ce ta Ingila sanye da cikakkiyar rigar matan Ingila na lokacin. Tsaya anan ka daɗe, don ƴar tsanar nan ita ce baƙuwa a zanen, ita ce bare a Pomeiooc, amma wanda aka yi zanen dominsa yana Landan, a wurinsa ƴar tsanar ce ƴar gida, uwa da ƴa sune abun mamaki. Kuma kar ka manta dalilin tafiyar, ana so a nuna wa masu kuɗi a gida cewa ƙasar nan da mutanenta zasu karɓi kaya kuma zasu zaunu. Duk lokacin da kaga wani abu ɗaya a zane da bai dace da sauran ba, agogo ko madubi ko bindiga ko ƴar tsana, bi shi, yawanci shine igiyar da ta ɗaure mai zane da wanda ya aiko shi.

Sannan in zaka iya, nemo kwafin da aka yi daga baya ka jera su. A 1590 Theodor de Bry ya sassaƙa zanukan White a kan farantin tagulla ya buga su a Frankfurt, kuma wannan bugun ne Turai ta sani shekaru aru-aru ba ainihin fentin ruwan ba. Jera su a waya ka gani, fuskoki sun koma na Turawa, jiki ya koma irin na gumakan Girka, tsayuwa ta canza. Abun da aka gyara shi zai gaya maka abun da mai saye yake son gani.

Abu na gaba shine tambayar da mutane suka fi tsallakewa: wa ya biya, kuma me ya kai mai zanen wurin? Eugène Delacroix na Faransa ya je Maroko a 1832, ya cika littattafan aljihu da zanen fensir da fentin ruwa, yana rubuta sunan kala a gefe don kar ya manta. Kyau kam akwai. Amma a ayarin jakadan Faransa ya tafi, wanda aka tura wurin Sarki Moulay Abd al-Rahman a Meknes shekara biyu bayan Faransa ta kama birnin Aljiyas. Kuma a wasiƙunsa yabon da yake wa mutanen shine wai ya ga Rumawa da Girkawan da a raye suna yawo a titi. Ka lura da wannan sosai, yabo ma yana iya mayar da mutum bare. In na kalle ka nace kai kamar wani ne da na karanta a littafi, ai ba kai na gani ba. Saboda haka kar ka tsaya neman zanen da aka munana mutum kawai, wani an ƙawata shi ne har ya ɓace.

Toh amma kar ka ɗauka wanda aka zana kullum abun tausayi ne da aka zaunar aka yi yadda aka ga dama da shi. Anan nake so ka fi daɗewa. Karl Bodmer, matashi ɗan Suwizalan, ya raka Yarima Maximilian na Wied suka hau kogin Missouri a Amurka, suka yi sanyin 1833 zuwa 1834 a Fort Clark kusa da garuruwan mutanen Mandan, wata ƙabila ta ƴan asalin ƙasar. A can ya zana shugabansu Mato-Tope, ma'anar sunan Beyar Huɗu, har sau biyu, zanukan suna gidan tarihi na Joslyn a Omaha. A ɗaya ya sha cikakken ado, hular gashin tsuntsu har ƙasa da mashi a hannu. A ɗayan ba riga, gatari a hannu, jiki duk fenti. Wanda bai sani ba zai ce ga “ɗan daji” nan an zana shi tsirara. Alhali duk abun da ke jikinsa rubutu ne. Wuƙar katako da ya soke a gashinsa tana nufin shugaban wata ƙabila, Cheyenne, da ya kashe hannu da hannu. Ƙananan sanduna shida a gashin, raunin harsashi shida ne. Hannun da aka shafa da rawaya a ƙirjinsa yana nufin ya kama fursunoni a yaƙi. Mutumin nan tarihinsa ya saka a jiki ya zo ya tsaya, shi ya zaɓi abun da za a gani. Har ma aka bashi takarda da fenti ya zana faɗan nan nasa da ɗan Cheyenne da hannunsa. A 1837 cutar agana ta shigo ta kusa ƙarar da Mandan kaf, shima ta tafi da shi.

Mu ai bai kamata wannan ya bamu wuya ba. In baƙo ya zana mutum da rawani mai kunne biyu a Kano shi ado ya gani, kai kuwa ka san ɗan gidan sarauta ne. In ya zana tsagar Gobirawa shi layuka ya gani a kumatu, kai kuwa ka san gari ka san dangi har ka san wa zai tsokane shi da wasa. Toh haka kowace al'umma take. Don haka ƙa'idata ita ce duk alamar da ban gane ba a jikin wanda aka zana, ina ɗaukarta a matsayin rubutun da ban iya karantawa ba tukunna, sai inje in nemo. Kar rashin saninka ya sa ka kira abu ado.

A gefe guda ka duba zanukan da masu zane ƴan Indiya, irinsu Ghulam Ali Khan da abokan aikinsa, suka yi wa William Fraser da ɗan'uwansa James a Delhi wajen 1815 zuwa 1819. Bature ne ya biya, ƴan ƙasa suka zana, kuma an rubuta sunayen mutane da yawa, sojoji da ƙauyawa da masu rawa. Nan lissafin ɗan gida da bare ya cakuɗe, kuma yana da kyau ka saba da irin wannan cakuɗewar.

Yanzu mu zo kan fata, don nan ne hannun mai fentin ruwa yake tona masa asiri. Tunda takarda fara ce kuma fentin shara-shara ne, fata mai haske tana zuwa da sauƙi, shafa ɗaya biyu ka bar takarda tayi sauran aikin. Fata mai duhu kuwa sai ka gina ta hawa-hawa, ka shafa ka jira ya bushe ka sake shafawa, ja-ja a ƙasa, ruwan ƙasa a kai, shuɗi a inda sama ke haskawa a goshi da karan hanci, kuma duk wannan ba tare da ka kashe hasken takardar ba, in ka cika hannu sai ta koma taɓo. Jawo hoton kusa ka ƙirga kala nawa ke cikin kumatu. In kala ɗaya ce aka shimfiɗa daga goshi har haɓa kamar an shafe bango, alhali an zauna an fitar da kowane zare na hula, ka san inda hankalin mai zanen yake. In kuwa kaga shuɗi da ja da ɗan kore suna wasa a cikin duhun, wannan ya zauna ya kalli mutum da gaske. Ka duba bakin fuskar ma, wato inda ta haɗu da bayanta. In an zuba fenti a jiƙaƙƙiyar takarda gefen yana bajewa ya shige cikin bango, in a busasshiya ne yana tsayawa da kaifi. Fuskar da ta narke cikin daji ko kasuwar da ke bayanta, wani lokacin ana ce maka ne mutumin nan wani yanki ne na wurin kamar bishiya. Amma ba kullum ba fa, kuma ga dalili.

Marlene Dumas, an haife ta a Cape Town ta Afirka ta Kudu a 1953, ta tashi a farar fata ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, ta koma Holan a 1976. Ita daga hotuna take zane ba daga mutum a zaune a gabanta ba, kuma da gangan take barin tawada da ruwa su baje su ɓata gefen fuska. A aikinta Black Drawings na 1991 zuwa 1992 ta jera fuskokin baƙaƙen fata 111 a bango, layi-layi, da allon dutse guda ɗaya a cikinsu. Daga nesa sai kace duk ɗaya ne, wanda shine ainihin abun da wariya ke koya wa ido. Matso kusa sai kaga babu biyu da suka yi kama, wannan ya gaji, wannan yana fushi, wancan hankalinsa na wani wuri. Bajewar ruwan anan tambaya ce take jefa maka, kai me ka fara gani? Wasu suna ganin ta fasa kallon ne, wasu suna ganin farar fata ce dai ta sake tara baƙaƙen fuskoki marasa suna, kuma ni ina ganin duka maganganun biyu suna da ƙafar tsayawa, shi yasa aikin baya barin mutum ya huta.

Sai ka ajiye shi kusa da na Chris Ofili, haifaffen Manchester a 1968, iyayensa ƴan Najeriya. Shekara goma, daga 1995 zuwa 2005, yana zana ƙananan fuskoki da fentin ruwa, maza da mata baƙaƙe, gashi iri-iri, kaya masu kala kamar ranar sallah, aka nuna guda 181 a Studio Museum da ke unguwar Harlem a New York a 2005 da sunan Afromuses. Su ma basu da suna, amma dalilin daban ne, babu su a duniya, daga kansa ya ƙirƙiro su. Ba wanda aka tare a hanya aka ɗauke masa fuska aka tafi da ita. Kaga kenan rashin suna a wurin Sargent da rashin suna a wurin Ofili ba abu ɗaya bane, shi yasa bazaka ɗauki ƙa'ida ɗaya ka dinga buga wa kowane zane kamar hatimi ba.

In ka gama duk wannan, ɗauki biro ka rubuta jimla uku kacal. Ta farko abun da ka gani zalla, ba fassara: mace, gora, yarinya, ƴar tsana. Ta biyu abun da ka sani daga waje: shekara, wurin, wanda ya biya. Ta uku abun da kake zato, kuma ka fara ta da “ina ganin”. Yawancin rigimar da ake yi a kan irin zanukan nan daga haɗa jimla ta uku da ta farko take tasowa, mutum yayi zato sai ya rantse gani yayi.

Sannan ka juyo da gwajin kan naka aikin in kana zane, ko kan hotunan da ke wayarka in baka yi. Ni na taɓa zana wata Bafulatana mai tallan nono a bakin tasha, da izininta, ta zauna min kusan awa ɗaya rana na dukanta. Na dawo gida ina jin daɗi, ƙwaryar ta fito da duk sassaƙarta, faifan da ta rufe da shi, ƴan kunne, kitso, har ƙudan da ya sauka a bakin ludayi. Bayan wata biyu na ciro zanen na sa yatsa na rufe fuskar, sai naga babu abun da ya ragu. Fuskar shafa biyu ce ta ruwan ƙasa da ɗigo biyu na ido. Na juya bayan takardar inda na saba rubuta kwanan wata, abun da na rubuta da fensir shine “mai nono”. Awa ɗaya muna zaune, ta tambaye ni sunana da na garinmu da ko ina da iyali, ni ban tambaye ta komai ba sai dai ince ta ɗan juyo ta ɗan ɗaga haɓa. Na koma tashar sau uku a ranar kasuwa, wasu matan ne a wurin, na nuna musu zanen suka karɓa suna juya shi, suka yaba ƙwaryar sosai, amma babu wadda ta iya ce min ga wadda aka zana.